Atamfa Mai Zuba da Farar Shadda a Baho Ɗaya

Satin da ke biye da Sallah shi ne satin da aka fi asarar tufafi a layinmu na Tudun Wada. An sha kwalliya, an zaga dangi daga Rigasa har Kawo, kaya sun sha zufa da ƙura da maiƙon nama, sai a tattaro su gaba ɗaya a tsoma a baho guda: sabuwar atamfar uwargida, jan hijabin 'yar budurwa, farar shaddar da maigida ya je Idi da ita, singiletin yara da safarsu. A barbaɗa omo, a ce bari su jiƙa kafin a sauke tukunya. Ana dawowa a tarar ruwan ya yi jawur, shadda ta koma ruwan hoda, singileti ya yi dabbare-dabbare. Daga nan sai shawarwari ta kan katanga. Wannan ta ce ai da kin sa gishiri, waccan ta ce maza ki kwarara bilic. Duka biyun ina da ja a kansu, kuma ina da dalili.

Ni 'yar ma'aikacin masaƙa ce. Wanda ya taso a Kaduna bayan an rufe kamfanonin zai yi wuya ya gane yadda garin nan ya rayu da yadi. A 1957, zamanin Sardauna, aka buɗe Kaduna Textiles a Kakuri, a 1964 aka kafa United Nigerian Textiles, wato UNTL, ga Arewa Textiles, ga Nortex. Kakuri da Makera sun cika da ma'aikata masu shiga aikin safe da na rana da na dare. Babanmu, Allah ya jiƙansa, a ɗaya daga cikin waɗannan masaƙu ya yi aiki, kuma ba a wajen saƙa ba, a sashen rini da wanki, inda yadi yake bi ta cikin kwatamai na ruwa ɗaya bayan ɗaya kafin a busar da shi a naɗe. Saboda haka a gidanmu ba a ɗauki zuba a matsayin tsautsayi ba. Idan Inna ta sayo turmi, kafin a kai wa tela sai ya karɓa ya murza gefensa da jiƙaƙƙen tsumma, ya duba tsumman, ya faɗi hukuncinsa.

Abin da ya fahimtar da ni, wanda har yau ban ga abin da ya ƙaryata shi ba, shi ne yawancin launin da ke fita daga sabon zane ba daga jikin zaren yake ɓallewa ba. Rarar rini ce da tun farko ba ta kama ba. Akwai wani nau'in rini na auduga da aka fara sayarwa a Ingila a 1956, wanda idan aka sa masa soda yakan haɗe da zaren audugar ya zama jiki ɗaya da shi, wanki ba ya raba su. To amma ba duk rinin da aka zuba ke samun zare ba. Wani kaso da ruwan yake haɗewa, ya mutu, ya kwanta a kan yadin kawai. Wannan kason dole a wanke shi a masaƙa: a ɗauraye da ruwan sanyi, a bi da na zafi, a tafasa da sabulu, a sake ɗaurayewa. Aiki ne mai cin ruwa da tururi da man tukunyar tururi da lokaci. Mai son rage kuɗin da zai kashe, a nan yake fara yankewa, kuma abin takaici, yadin da ba a gama wankewa ba ya fi cika ido a kan kanta, domin rarar nan tana ƙara masa duhun launi. Baba yakan ce mini, "Uwata, wankin da suka ƙi yi a kamfani ne ya biyo ki gida. Ki gama musu shi kafin ki haɗa zanen da kayan mutane."

Irin wannan zubar tana da iyaka. Wanki biyu, uku, sai ki ga ruwa ya fara fita fes, zanen kuma bai koɗe ba. Amma akwai wani rinin mai araha wanda ba ya haɗewa da zare ko kaɗan, maƙalewa kawai yake yi. Shi wannan duk ranar da ya ga ruwa sai ya saki, musamman ruwan ɗumi mai omo, kuma haka zai yi ta yi har zanen ya koɗe ya mutu. Shi ne kuma ya fi saurin kama farin kaya, domin yadda ya maƙale a zanen farko haka zai maƙale a na biyu. Jan hijabi na kotin, baƙin siket, shuɗin zanin gado, tawul mai kalar ruwan goro da ake sa wa amarya a kaya, a nan aka fi samunsa. Hanyar rabe wannan rinin da na farko mai sauƙi ce. Idan an yi wanki uku ko huɗu ruwan yana nan da launinsa kamar ranar farko, to wannan zane ba zai taɓa shiryuwa ba. Ki ware masa bokitinsa har abada, ruwan sanyi, wanki na gaggawa, shanya a inuwa.

Na uku shi ne namu na gado, rinin ganyen baba, wato shuni. Shuni ba ya narkewa a ruwa. Sai an jiƙa shi da toka ya ruɓa a cikin karofi, kamar yadda ake yi a marinar Ƙofar Mata a Kano, sannan ya shiga zare, idan aka ɗago zanen iska ta buge shi ya koma shuɗi ya daskare a ciki. Wanda ya daskare a bayan zare kuwa gogewa yake yi. Shi ya sa turkuɗin Kura yake shafa wa Buzaye shuɗi a fuska, kuma su abin so ne a wajensu. Wandon jins ma rininsa shunin ne, sai dai na kamfani, wanda aka fara sayarwa a Jamus a 1897. Galila da sauran shaddojin da ake rinawa da hannu, da sodar kostik da haidiro (wani farin garin sinadari na marina), su ma danginsa ne a wajen aiki. Waɗannan ko ba ruwa suna iya ɓata miki kaya. Sabon jins ya goga a farar kujera, sabuwar galila ta shafa wa singileti launi a hammata da wuya inda zufa take taruwa. An ce araha ba ta ado, gaskiya ne, amma a nan tsada ma ba ta hana zuba. Na ga galila mai tsadar gaske da ta rina ruwan wankin farko.

Yanzu batun gishiri. Na san daga inda maganar ta samo asali, kuma akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. A masaƙa buhu-buhu ake zuba gishiri a tukunyar rini, domin shi ke kora launi daga cikin ruwa zuwa kan auduga. Amma korawa kawai yake yi, soda ce ke ɗaurewa, kuma a lokacin rinin ne ake ɗaurewar, ba bayan zane ya yi wata shida a kasuwa ba. Idan kin jiƙa sabuwar atamfa a ruwan gishiri za ki iya ganin ruwan bai yi launi sosai ba, ki ce ya yi aiki. Bai yi ba. Ya dai hana rarar fita a ranar, tana nan tana jiran wanki na gaba. Mafi muni shi ne a zuba gishiri a bahon da aka haɗa mai zuba da farin kaya. A nan kin maida bahonki tukunyar rini, gishirin zai taimaka wa launin da ke yawo a ruwa ya hau farar audugar. Ruwan khal kuma, da wasu ke cewa a sa, ulu da siliki da nailan yake wa amfani, domin su rininsu da tsami yake kamawa. Atamfa da shadda ba ruwansu da shi.

Abin da ke aiki ya fi wannan sauƙi. Idan zan shiga Kasuwar Sheikh Gumi sayen atamfa, ina tafiya da farin hankici da 'yar gorar ruwa. In jiƙa kusurwar hankicin, in nemi izini, in murza can gefen turmin ta ciki. "Alhaji, ka yarda in gwada?" Ban cika samun wanda ya hana ba, wasu ma su ke miƙo gefen da kansu. Idan hankicin ya ɗauki launi kaɗan, ba ya hana ni saye, na dai san abin da na saya. Idan ya rine sosai da murza ɗaya, sai in ajiye. A gida kuma akwai gwajin da ya fi wannan tona asiri: ki ce wa tela ya dawo miki da ƙyallayen da suka rage, ki jiƙa ɗaya, ki sa shi tsakanin farin tsumma biyu, ki danna dutsen guga mai zafi. Duk abin da zai fita a wanki zai fito a tsumman nan. Wannan gwajin ya fi muhimmanci idan za a haɗa yadi biyu a ɗinki ɗaya, kamar a yi wa farin leshi shafi da jan yadi, ko a sa wa riga mai haske baƙin baki. Irin wannan ɗinkin idan ya zuba, ba yadda za ki raba mai laifi da wanda aka ɓata, suna manne da juna. Shi ya sa nake wanke yadin shafi tun kafin ya je hannun tela.

Wankin farko na kowane sabon kaya mai launi, shi kaɗai yake shiga ruwa. Ruwa mai yawa, omo kaɗan, a cuɗa a hankali, a zubar, a sake. Kada a bar shi ya kwanta. Atamfar da ke da fari a jikinta ta fi buƙatar ruwa mai yawa da hanzari, domin launinta na iya komawa kan farinta. A yi ta ɗauraya har ruwan ya washe, a juya bayanta a shanya a inuwa, a baje ta sosai kada ta ninku.

Na san ruwa mai yawa magana ce mai sauƙin faɗa. A unguwanni da dama famfo ba ya zuwa kullum, jarka ake saye wajen 'yan garuwa, kuma wadda ta sayi kura guda don wankin mako ba za ta so ta ƙarar da jarka biyu a kan zane ɗaya ba. Iyayenmu sun san wannan, shi ya sa suke da tsarinsu, kuma tsarin daidai yake: ruwan kumfa ɗaya, amma fari ya fara shiga, ya fita, sannan masu haske, sannan masu duhu, mai zuba shi ne na ƙarshe, daga shi sai a zubar. Ruwan ɗauraya ma haka, ba ya komawa baya. Ruwan da aka ɗauraye sabuwar atamfa ba asara ba ne, ya yi wankin tsakar gida ko na bayi. Inda tsarin yake rushewa shi ne wajen jiƙo. Launi yana buƙatar abu uku kafin ya tashi daga wani zane ya kama wani: ɗumi, da kaifin omo, da lokaci. Bahon da aka ajiye a rana tsakar gida awa biyu ya haɗa duka ukun. Idan dattin ya kai a jiƙa, a jiƙa fari shi kaɗai. Mai launi minti goma ya ishe shi.

Akwai kuma ɓarnar da ke faruwa bayan an gama wanki lafiya, wadda ta fi ba ni haushi domin an riga an sha wahalar. A matse kaya a tara su a baho ɗaya, fari a ƙasa, ja a sama, a tafi sallar Azahar ko a tsaya ba yaro nono. Jiƙaƙƙen zane a kan jiƙaƙƙen zane, launi ratsawa yake yi kai tsaye, har ya fi na cikin ruwa ƙarfi domin ba abin da ya tsarma shi. A igiya ma haka, idan wuri ya yi kaɗan aka ɗora gefen wannan a kan wancan, ko aka shanya mai duhu a igiyar sama yana ɗiga a kan na ƙasa. Da damina abin ya fi yawa. A watan Agusta a Kaduna kaya na iya kwana biyu ba su bushe ba, hadari ya taso a kwaso su da gudu a jibge a kan kujera da danshinsu. Ko a cikin gaggawar kwasa, fari ya tafi hannu ɗaya, mai launi ɗaya hannun. Masu injin wanki kuma, idan aka ɗauke wuta yana tsakiyar aiki, kada a bar kaya kwance a ciki ana jiran a dawo da ita. A fito da su, a raba, a ƙarasa da hannu. 'Yan takardun nan masu tsotse launi da ake sayarwa a manyan kantuna ana jefawa a inji suna taimakawa a kan zuba kaɗan, amma ba za su iya da sabon jan hijabi ba.

To idan mai afkuwa ta afku fa? Abu na farko, kada kayan ya bushe, kada kuma ya ga dutsen guga. Launin da ya hau yanzu bai zauna ba, bushewa da zafin guga ke zaunar da shi. Ki cire mai zubar, ki ɗauraye wanda ya ɓaci da ruwa mai yawa, sannan ki haɗa sabon ruwa mai zafi gwargwadon abin da yadin zai iya ɗauka, da omo, ki wanke. Da ruwan ya canza launi ki zubar ki sake wani, kada ki bar kayan a ciki. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa, musamman idan farin na roba ne. Yadin roba, wato foliyesta, sai a zafin da ya kai wajen digiri 130 ake rina shi, da wani rini nasa daban, saboda haka launin atamfa ba ya samun wurin kamawa a jikinsa. Auduga ta fi riƙewa. Nailan kuwa, irin na safa da rigar nono da wasu lesuka, shi ne mafi kwaɗayin launi, shi ke fara ɗauka kuma shi ke ƙarshen saki.

Idan an yi wannan saura jirwaye, mataki na gaba shi ne garin cire tabo mai aiki da iskar oksijin, irin su Vanish, wanda ba ya ɗauke da kilorin. A narkar da shi a ruwan ɗumi sosai tukuna, a nutsar da kayan gaba ɗaya kada wani gefe ya leƙo, a bar shi awanni, farar auduga ma tana iya kwana. A hankali yake aiki, kuma haƙuri yake so. Idan ya rage bai gama fita ba, a sake sabon haɗi. Wadda ba ta samu ba, ruwan haidirojin da ake wanke ciwo da shi, na kemis, danginsa ne, ana iya zuba shi a ruwan omo mai ɗumi. Irin wannan mai aiki da oksijin ne kaɗai nake yarda a gwada a kan kaya mai launi da wani launin ya hau, shi ma bayan an gwada a cikin kalmasa inda ba a gani. Siliki da ulu kada su shiga.

Ƙanwata ta taɓa kirana daga Unguwar Rimi, muryarta na rawa, farin kayan makarantar Islamiyyar yaranta duka sun yi shuɗi-shuɗi daga wani sabon zanin gado. "Yaya, na ɗauko bilic, in zuba?" Na ce ta ajiye shi tukuna, ta ɗora ruwa a wuta. Wanki da ruwan zafi da jiƙon garin oksijin suka fitar da shi, yaran suka sa kayansu ranar Asabar. Ba wai bilic ba ya cire launi ba ne, yana cirewa, amma shi ba ya tambayar wane launi ne naki wane ne baƙo. Bilic irin su Hypo da Jik kilorin ne, an yi su ne don farar auduga zalla, kuma a tsarme. Matsalar daga yadda muke amfani da shi ne. A kwarara shi kai tsaye a kan tabo, wurin ya yi fari fat ya bambanta da sauran rigar, bayan wanki kaɗan ya ɓule domin ya cinye zaren. Nailan da yadi mai talewa rawaya suke komawa, kuma wannan rawayar ba ta fita. Wasu shaddoji ma, saboda sinadarin da aka gama su da shi, suna yin rawaya idan suka sha bilic aka bi da guga. Idan dole sai shi, a bi awon da aka rubuta a jikin gorar, a gauraya shi a ruwan sanyi kafin kaya su shiga, minti 5 zuwa 10, a ɗauraye sosai.

Zan ɗan ratse a nan domin wannan ya wuce batun tufafi. Kada a taɓa haɗa bilic da ruwan wanke masai, ko ruwan khal, ko lemon tsami. Haɗuwarsa da tsami tana tayar da iskar kilorin mai shaƙe numfashi, kuma bayinmu ƙanana ne, wasu ba taga. Sannan wanda ake aunowa a kasuwa a gorar lemo ko ta ruwan sha, don Allah a juye shi a wani mazubi a ɗaga shi sama. Yaro ba ya karanta komai, gora ya sani.

Akwai makami na ƙarshe wanda marina suka sani, matan gida ba su cika sani ba: haidiro. Farin gari ne mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ana samunsa wajen masu sayar da kayan rini. A cikin ruwa mai zafi sosai yana kashe yawancin launukan auduga ba tare da ya ci zare kamar bilic ba, shi ya sa na fi yarda da shi a kan farar shadda mai tsada. Amma a fili ake aikinsa, da safar hannu, yara na nesa, a bokitin da ba a cin abinci da shi, a juya da sanda. Ragowarsa a rufe shi ruf a wuri busasshe, domin idan danshi ya shige shi yana iya ɗaukar zafi da kansa. Kuma fari zalla kawai, don zai kwashe launin aikin wuya tare da tabon. A kan shuni ba ya cika yin nasara: za ki ga shuɗin ya ɓace a cikin ruwa, kina ɗagowa iska ta dawo da shi, domin da ma da haidiron ake narkar da irin wannan rinin. Tabon jins sabulu da ruwan zafi da cuɗa ne maganinsa. Wadda ba ta saba ba, gara ta kai wa marini ya yi mata.

Kaftani da babbar riga masu aiki suna da nasu hukuncin. Sau da yawa shaddar ba ta da laifi, zaren surfanin ne ke zuba, sai ki ga launi ya yi wa aikin kewaye ko ya gangaro ƙirji. Irin wannan ba a jiƙa shi sam. Ruwan sanyi, a wanke da sauri, a naɗe wurin aikin a cikin farin tawul a danne ya tsotse ruwan, sannan a shanya a kwance ko a rataya ta yadda ruwan aikin ba zai bi ta jikin rigar ba. Hula kuwa, ni dai ba na wanke ta a gida. Masu wankin hula sun san wadda zarenta ke saki, ɗaya-ɗaya suke bin su da buroshi, su sa sitati su ɗora a kan katako.

Wani abin kuma ana ɗora wa zuba laifinsa alhali ba ita ba ce. Idan fararen kayanki suna yin ja-ja ko ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa ba tare da kin haɗa su da komai ba, duba ruwanki. Wasu rijiyoyi da burtsatse suna da ƙarfe a ruwansu, za ki gane idan ruwan ya kwana a bokiti ya yi jan laka a ƙasa, ko tankin ya yi tsatsa. Bilic yana ƙara wa wannan muni, shi ke fito da tsatsar ta zauna a yadi. A bar ruwan ya kwana ya kwanta a tsiyaye na sama, tabon kuma a matsa masa lemon tsami da ɗan gishiri a sa a rana, a ɗauraye. Bula ma tana yin nata jirwayen idan ba a narkar da ita sosai ba, kuma bular gari tsami ke kashe ta, ɗan lemon tsami a ruwan ɗauraya ya isa. Amma kada a yi tsammanin bula za ta rufe zuba. Dafewar fari take ɓoyewa. A kan ruwan hoda sai dai ta maida shi wani launi mai kama da na makuba.

Abin da ya fi damuna a duk wannan lamari shi ne wanda ake huce haushi a kansa. A gidaje da yawa ba mai kayan ke wanki ba. 'Yar aiki ce da aka kawo daga ƙauye, ko almajirin da ke zuwa ranar Alhamis, ko 'yar gida mai shekara goma sha biyu. A jibge musu kaya a dunƙule, a ba su omo da jarka biyu, ba wanda ya ce musu wannan sabo ne, wancan yana zuba. Idan shadda ta ɓaci sai zagi, wani lokaci duka, ko a ce za a cire a kuɗin aikinsa, kuɗin da ko hannun rigar ba zai saya ba. Wannan zalunci ne. Yaron bai sayi atamfar ba, bai san ranar da aka ɗinko ta ba, ba shi da hanyar da zai sani. Mai kaya ita ta san sabo da tsoho. Ni da hannuna nake rabawa kafin in miƙa, kashi uku, mai zuba kuma in ware shi in ce, "Malam, wannan shi kaɗai, kuma a ƙarshe." Minti biyar ne. Masu wanki da guga na bakin layi ma suna jin daɗi idan aka gaya musu, domin su kayan gidaje da yawa suke haɗawa, zanenki ɗaya na iya jawo musu biyan rigar wani.

Shaddar da aka yi duk abin da za a yi ta ƙi komawa fara, ba ta zama tsumma ba. A kai ta wajen masu rini a mayar da ita launi mai duhu, shuɗi mai duhu ko ruwan ƙasa ko baƙi, wanda zai haɗiye tabon. Launi mai haske ba zai rufe ba, jirwayen zai leƙo ta ƙarƙashinsa. A nuna wa marinin inda tabon yake, a kuma gaya masa idan an riga an sa bilic, domin wurin da bilic ya ci yakan ɗauki rini daban da sauran jiki. A sani kuma zaren ɗinki da na aiki idan na roba ne ba za su rinu ba, za su fito da launinsu na da a kan sabon, saboda haka a duba ko hakan zai yi kyau kafin a biya. Idan an karɓo ta, a ɗauke ta a matsayin sabuwar galila: ita kaɗai a bokiti, ruwan sanyi, har sai ruwanta ya washe, kuma a fara sa ta da singileti mai duhu a ciki.